Sarkin da Marubuta Suka Hana Shi Kwanciya: Nikolas na Biyu a Almarar Kimiyya

A daren 15 ga Maris 1917, cikin taragon jirgin ƙasa da ke tsaye a tashar garin Pskov, Sarkin Rasha Nikolas na Biyu ya sa hannu da fensir a kan takardar da ta kawo ƙarshen mulkin gidan Romanov bayan shekara 304. Wata goma sha shida bayan nan aka harbe shi tare da matarsa da 'ya'yansu biyar a garin Yekaterinburg. Iyakar abin da littattafan tarihi suka yi ittifaƙi a kai ke nan.

Amma wanda ya leƙa ƙagaggun labaran Rasha na zamani, ko ya bi wasu finafinai da wasannin kwamfuta, zai haɗu da wani Nikolas daban. Akwai wanda ya ƙi sa hannu, ya koma babban birni da sojoji. Akwai wanda aka sace daga hannun masu gadi ana gobe za a kashe shi. Akwai ma wanda ya wayi gari da hankalin wani injiniyan ƙarni na 21 a cikin kansa. Da yake guntayen irin waɗannan labarai suna yawo a waya, an yanko su daga asalinsu, wani lokacin har da hotunan da na'ura ta ƙirƙira, mai karatu yakan rasa inda tarihi ya tsaya da inda almara ta ɗora.

Murabus ya yi ko tuɓe shi aka yi?

Bahaushe ya bambanta sarkin da ya yi murabus da wanda aka tuɓe wa rawani, kuma wannan bambancin yana da amfani a nan. A takarda, murabus Nikolas ya yi. A zahiri kuwa, zanga-zangar neman burodi ce ta rikiɗe a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, sojojin bariki suka bi bayan masu zanga-zanga, aka tare wa jirgin sarki hanya, sannan manyan kwamandojinsa suka aiko ta wayar tangaraho ɗaya bayan ɗaya suna ba shi shawara ya sauka. A littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum, ya rufe wannan rana da cewa ko'ina ya duba cin amana ne da ragwanci da yaudara.

Akwai kuma wani ƙulli na doka. Da farko ya yarda ya bar wa ɗansa Aleksei gadon, amma da likita ya tabbatar masa cewa ciwon yaron ba ya warkewa, kuma za a raba su, sai ya sauka da sunan kansa da na yaron, ya miƙa wa ƙanensa Mikhail. Washegari Mikhail ya ƙi karɓa sai idan wakilan jama'a sun amince. Dokar gadon sarauta ta 1797 ba ta tanadi uba ya yi murabus a madadin ɗansa ba, shi ya sa har yau wasu masu ra'ayin sarauta ke cewa takardar ba ta inganta ba, wasu ma suna kafa hujja da fensir ɗin. Marubuta almara sun ci kasuwa sosai a kan wannan ƙulli.

Wanda ya ga 2 ga Maris a wasu littattafai kada ya rikice. Rasha tana kan tsohuwar kalanda a lokacin, wadda ke bayan ta Turai da kwana 13, sai a Fabrairun 1918 aka sauya.

Wace irin almara ake nufi?

Almarar kimiyya ita ce ƙagaggen labarin da aka gina kan wani abu da bai wanzu ba amma aka yi masa bayani irin na ilimi: na'urar da ke mayar da mutum zamanin da ya wuce, kumbon da ke zuwa wata duniya, da makamantansu. Ba aljani ko tsafi ke tafiyar da ita ba, ko da yake marubuta da yawa sukan haɗa su.

A cikinta akwai reshen da za a iya kira tarihin da-a-ce. Marubuci yakan ɗauki tarihi na gaskiya ya bi shi tiryan-tiryan har zuwa wata mararraba, sai ya karkata: da a ce harsashin nan bai samu wane ba, da a ce jirgin nan ya iso da wuri. Daga nan duk abin da ya biyo baya ƙirƙira ce, amma ana sa ran ta bi hankali. Wani masanin falsafa Bafaranshe, Charles Renouvier, shi ya raɗa wa wannan salo suna a littafinsa na 1876, da kalmar da ke nufin zamanin da babu shi.

Sai kalmar da Rashawa suka fi amfani da ita, popadantsi, wato waɗanda suka faɗa. Mutumin yau ne, galibi tsohon soja ko injiniya ko malamin tarihi, zai yi hatsarin mota ko wutar lantarki ta ja shi, ya farka a wani zamani, ko da jikinsa ko a jikin wani babban mutum. Salon ya girmi Rasha ta yau, don tun 1889 Mark Twain ya jefa wani Ba'amurke fadar tsohon sarkin Ingila. Amma babu inda ya zama sana'a kamar Rasha bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, inda kamfanonin ɗab'i suka riƙa fitar da irinsa jeri-jeri, shafukan intanet na masu rubutun sa-kai kuma suka cika da shi. Mafi yawan jaruman 1941 suke faɗawa don su gargaɗi Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, game da harin Jamus. Zamanin Nikolas yana cikin waɗanda ke biye.

Kanar Romanov: wata goma sha shida

Ba a gane almarar sai an san abin da take gyarawa. Bayan murabus, mutumin da ya taɓa cike takardar ƙidayar 1897 da cewa sana'arsa ita ce mai ƙasar Rasha ya koma Kanar Romanov, muƙamin sojan da yake da shi tun zamanin mahaifinsa. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi masa ɗaurin talala a Fadar Alekzanda da ke Tsarskoye Selo, kusa da babban birni. Birtaniya ta yi tayin ba shi mafaka, sannan ta janye. Sarki Joj na Biyar ne ya matsa a janye, alhali mahaifiyarsa da ta Nikolas ya da ƙanwa ne, 'ya'yan sarkin Denmak, kuma su biyun sun yi kama har ana kasa bambanta su a hoto. Ya ji tsoron kada baƙon da ma'aikatan Ingila suka tsana ya jawo wa tasa sarautar bala'i.

A watan Agusta 1917 aka kwashe iyalin zuwa Tobolsk a Siberiya, aka ajiye su a tsohon gidan gwamna. Hotunan da suka rage daga can suna nuna tsohon sarki riƙe da zarto yana yankan itacen hura wuta. Yana kwashe ƙanƙara a tsakar gida, yana koya wa ɗansa tarihi, da dare ya karanta wa iyalinsa littafi a bayyane. Abin da ya fi yawa a rubutunsa na kullum shi ne yanayin gari da tsawon lokacin da ya yi yana zagaya gida. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa ya fi samun natsuwa a tsare fiye da lokacin da yake kan karaga.

Da 'yan Bolshebik, masu ra'ayin gurguzu, suka ƙwace mulki a Nuwamba 1917, sai igiya ta fara tsukewa. Aka umarce shi ya cire alamun muƙami daga kafaɗarsa. Aka mayar da iyalin kan abincin soja, man shanu da kofi suka ɓace daga tebur. A ƙarshen Afrilu 1918 aka kai shi Yekaterinburg, gidan wani injiniya mai suna Ipatiev, wanda aka kewaye da dogon shingen katako, aka shafa wa tagoginsa farin fenti don kada a ga waje. Kwana 78 ya yi a ciki.

A daren 16 wayewar 17 ga Yuli aka tashe su bayan tsakar dare, aka ce gari ba lafiya, su sauka ƙasa. Nikolas ya ɗauko Aleksei a hannu don yaron ba ya iya tafiya. Aka kawo kujeru biyu. Kwamandan gidan, Yakov Yurovsky, ya karanta hukunci a taƙaice, aka buɗe wuta. Mutum 11 suka mutu: sarkin mai shekara 50, matarsa Alekzandra, 'ya'yansu mata Olga da Tatiana da Mariya da Anastasiya, Aleksei mai shekara 13, Likita Botkin da hadimai uku. 'Yan matan ba su mutu nan take ba, saboda duwatsu masu daraja da suka ɗinke a cikin tufafinsu sun tare wasu harsasan. Ranar 25 ga Yuli dakarun Cek da abokan gabar Bolshebik suka shiga garin. Kwana takwas ke nan tsakani.

Duk wanda ya bi wannan labari zai ga ƙofofin da suka kusa buɗewa suka rufe: jirgin ruwan Ingila da bai zo ba, watannin Tobolsk da tsaro bai yi tsanani ba, da kwana takwas ɗin nan. Marubucin tarihin da-a-ce ba ya buƙatar wahalar ƙirƙirar mararraba, tarihin da kansa ya jera masa su.

Giɓin da gwamnati ta bari

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya fi ciyar da almarar shi ne ƙaryar da aka yi tun farko. Hukumomin Bolshebik sun sanar da kashe Nikolas kaɗai, suka ce an kai iyalinsa wuri mai aminci. Babu gawa, babu kabari. Mai binciken da abokan gabarsu suka naɗa, Nikolai Sokolov, ya tarar da toka da guntayen kaya a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai da ake kira Ganina Yama, ya yanke cewa an ƙone gawarwakin ƙurmus.

Rasha kuwa daɗaɗɗiyar ƙasar sojan gona ce a harkar sarauta, har suna da kalma ta musamman, samozvanets, wanda ya raɗa wa kansa suna. A farkon ƙarni na 17 wani da ya ce shi ne Dimitri ɗan Sarki Ivan ya hau karaga a Mosko. A 1773 Yemelyan Pugachev ya tayar da gagarumin bore da sunan shi ne Bitrus na Uku, sarkin da matarsa Katarina ta tuɓe a 1762 ya mutu 'yan kwanaki bayan haka. Saboda haka da aka rasa gawar 'ya'yan Nikolas, sai masu da'awa suka yi ta ɓullowa. Wadda ta fi shahara ita ce Anna Anderson, da aka tsamo daga wata mashigar ruwa a Balin a 1920, ta rayu har 1984 tana cewa ita ce Anastasiya. Shekara goma bayan mutuwarta gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ba ta da alaƙa da gidan, ma'aikaciyar masana'anta ce daga Folan.

Kabarin gaskiya wasu mutum biyu masu bincike na ƙashin kansu suka gano shi a 1979, suka yi shiru saboda tsoro. Sai a 1991 aka tono shi. An gwada ƙasusuwan da jinin Yarima Filib, mijin Sarauniya Elizabet ta Biyu ta Ingila, wanda kakarsa yayar Alekzandra ce, suka dace. Amma gawa tara aka samu ba 11 ba. Babu Aleksei, babu ɗaya daga cikin 'yan matan. Wannan giɓi ya ƙara wa almara shekara 16, har 2007 da aka gano ragowar biyun a wani rami kusa da na farko.

Wato kusan shekara 90 ana iya rubuta cewa wani ya tsira ba tare da an iya ƙaryata marubucin kai tsaye ba. Bayan 2007 wannan hanya ta toshe, kuma labarin tsira ya rage wa masu na'urar komawa baya da masu duniyoyi biyu.

Yadda ake sarrafa shi a labari

A labaran ceto, waɗanda suka fi yawa a Turai da Amurka, Nikolas kaya ne da ake ɗauka. Jarumin wani ne daban, matafiyi daga gaba ko ɗan leƙen asiri, kuma hankalin labarin yana kan Anastasiya ko Aleksei. Ciwon yaron, rashin daskarewar jini da ya gada ta wajen Sarauniya Biktoriya, ya dace da almarar kimiyya ƙwarai, don abin da ya gagari likitocin 1912 yau allura ce ke shawo kansa. A kawo maganin, sai Rasputin, mai da'awar warkarwa da addu'a da sarauniya ta dogara da shi saboda yaron, ya rasa abin da ya shigar da shi fada. Rasputin ɗin ma ya fi sarkin kasuwa a wajen marubutan Yamma: sun mai da shi boka, sun mai da shi wanda ba ya mutuwa, sun mai da shi baƙo daga wata duniya.

A wani rukunin kuma daular ce ke tsira, ba mutumin ba. Labarin zai buɗe a ƙarshen ƙarni na 20 ko cikin na 21, tutar sarki tana kaɗawa, manyan jiragen sama na masarauta suna shawagi, babu yaƙin basasa, babu sansanonin gwale-gwale. Masu wannan salo suna da abin kafa hujja. A zamanin Nikolas ne Konstantin Tsiolkovsky ya wallafa lissafin tafiyar roka a 1903, Igor Sikorsky ya tayar da jirgin sama mai inji huɗu a 1913 kafin juyin juya hali ya kore shi zuwa Amurka. A irin wannan labari Nikolas hoto ne a bango, kaka ne da jikoki ke ambata.

Rukunin popadantsi ya fi kowanne bayyana abin da ke zuciyar marubuta. Mutumin yau ya buɗe ido ya ga rufi mai ado da zinariya, hadimi ya rusuna yana kiransa Mai Martaba, ya dubi madubi ya ga gemun Nikolas. Daga nan sai ya zaro jerin ayyuka, kuma jerin kusan iri ɗaya ne daga littafi zuwa littafi. Zai hana turmutsutsun Khodynka na bikin naɗin 1896, inda sama da mutum 1,300 suka mutu wajen rububin kyauta. Zai gyara rundunar ruwa don kada Japan ta nutsar da ita a Tsushima a 1905. Zai hana sojoji harbin masu kai koke a ranar Lahadin nan ta Janairun 1905 da ta jawo masa laƙabin Nikolas Mai Jini. Zai kori baffanninsa daga manyan muƙamai, ya tsare Firayim Minista Stolypin daga harsashin da ya kashe shi a Kiev a 1911, ya kama Lenin, jagoran Bolshebik, tun yana saurayi, ko ya kashe shi ko ya ba shi aiki. Zai zana wa maƙera bindigar da ba a ƙirƙira ba sai bayan shekara 40, ya nuna wa likitoci yadda ake samun penisilin. Wasu ma sukan hana shi auren Alekzandra gaba ɗaya. A ƙarshe ko dai ya kauce wa yaƙin 1914, ko ya ci shi ya karɓe Istanbul da mashigin ruwanta.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan hanyoyi da wuya a sami marubucin da ya bar Nikolas da hankalinsa da halinsa, sannan ya ba shi nasara. Ko a ɗauke shi daga wurin, ko a tsallake zamaninsa, ko a fitar da shi daga jikinsa a zuba wani. Hatta marubutan da ke ƙaunar sarauta, da suka tashi ceto ta, sarkin suka fara cirewa. Wannan hukunci ne a kan mutumin, ko da ba a furta shi ba, kuma ya yi daidai da abin da ministocinsa da dama suka rubuta game da shi: mai ladabi, mai son iyali, mai taurin kai a kan ikon da ya ɗauka amana ce daga Allah, amma mai saurin sauya magana da zarar wanda ya ba shi shawara ya fita daga ɗaki.

Wani abin mamaki, tuɓaɓɓen sarkin Rasha da rayuwarsa ta fi kama da ƙagaggen labari ba shi ne ya fi jan marubuta ba. Ivan na Shida yana jariri aka naɗa shi a 1740, aka tuɓe shi a 1741, aka janye kuɗin da ke ɗauke da sunansa, ya girma a tsare, ƙarshe a kurkukun Shlisselburg inda aka hana ambaton sunansa. A 1764 wani hafsa ya yi yunƙurin kuɓutar da shi, masu gadi suka kashe shi bisa umarnin da aka ba su tun farko. Yana da shekara 23. Sai dai faɗuwarsa ba ta sauya tsarin ƙasa ba, ta Nikolas kuwa ita ta buɗe ƙofar shekara 74 na mulkin gurguzu. Abin da ake son gyarawa ke nan, ba rayuwar mutum ɗaya ba.

Mutum ne ko zamani?

Hausawa sun ce sarki goma zamani goma, kuma gardamar da ke ƙarƙashin waɗannan littattafai ita ce wanne ke jan wani. Masana tarihi sun daɗe a rabe. Ɓangare ɗaya yana cewa Rasha tana kan hanya kafin 1914: masana'antu suna bunƙasa, layin dogo ya ratsa Siberiya, an kafa majalisar Duma a 1906, Stolypin yana ba manoma damar mallakar gona, shi da kansa ya ce a ba ƙasar shekara 20 na zaman lafiya a ga yadda za ta sauya. A wajen waɗannan, yaƙi ne da kurakuran sarki suka karya ta, musamman yadda ya karɓi jagorancin soja da kansa a 1915, ya bar babban birni a hannun matarsa, duk wata asara a fagen fama ta koma wuyansa.

Ɗaya ɓangaren yana cewa ginin ya riga ya tsage. A ƙidayar 1897 waɗanda suka iya karatu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mafi yawan jama'a manoma ne masu ƙishin ƙasar noma, yajin aiki ya sake tashi tun 1912, ga ƙabilu da dama da ke neman 'yancin kansu. Suna kuma nuni da cewa yaƙin bai bar daular Jamus ba, bai bar ta Ostiriya ba, bai bar ta Usmaniyya ba, alhali sarakunansu ba Nikolas ba ne.

Almarar popadantsi ta tsaya gaba ɗaya a ɓangaren farko, har ta zarce shi, don ta ɗauka mutum ɗaya mai sanin gobe ya isa ya juya ƙasa mai mutum sama da miliyan 125. Masu sukarta suna cewa mafarkin ramuwa ne na waɗanda rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta yi wa ciwo, kuma tana koya wa matasa cewa maganin kowace matsala shi ne shugaba mai ƙarfi da makami mai kyau. Bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya a 2014, da kuma bayan ta afka wa Ukraine a 2022, masu sharhi da dama sun danganta wannan adabi da ra'ayin maido da daula. Masu kare ta suna cewa nishaɗi ne kawai, kuma ta sa dubban mutane sun buɗe littattafan tarihi na gaske don su kama marubuci da kuskure a kan kaurin ƙarfen jirgin yaƙi. Masu ra'ayin gurguzu kuwa suna yi wa masu begen zamanin sarki ba'a da cewa ƙarar ɓantarar burodin Faransa suke ji, wato suna tuna liyafar fada, sun manta da bukkar manomi.

Coci tana da nata matsayi daban. Reshen Cocin Otodoks na Rasha da ke ƙasashen waje ya sanya iyalin cikin waliyyai a 1981, ta Mosko ta bi a 2000. Amma ta fayyace cewa ba don yadda ya yi mulki ba ne, don haƙurin da suka nuna a tsare da yadda suka fuskanci mutuwa ne. Ashe ita ma watannin nan goma sha shida ta zaɓa, ta bar shekara 22 na sarauta ga masu tarihi.

Abin da ya shafi mai karatu

A Rasha maganar ta wuce nishaɗi. A 2017 fim ɗin Matilda, wanda ba ma almarar kimiyya ba ne, labarin soyayyar Nikolas ne da wata mai rawa kafin aurensa, ya tayar da ƙura tun kafin a nuna shi. 'Yar majalisa Natalia Poklonskaya ta nemi a hana shi, aka ƙone motoci a kusa da ofishin lauyan daraktan a Mosko, wani ya kutsa da mota cikin gidan silima a Yekaterinburg ya cinna wuta. Mai sayar da tikiti da mai zuwa kallo su suka shiga fargaba. A 2020 kuma aka sa wa kundin tsarin mulki sashen da ya ɗora wa gwamnati kare gaskiyar tarihi. Marubucin da zai taɓa wannan sarki yanzu yana lissafi da masu ibada, da 'yan siyasa, da kamfanin da zai buga masa.

Ga mai karatu na nesa, matsalar ta fi sauƙi amma ta fi yaɗuwa. Ƙagaggen labari a cikin bangonsa ba ya yaudarar kowa, don an rubuta a kai cewa ƙage ne. Sai an yanko shi an liƙa a Facebook ko TikTok da taken sirrin da aka ɓoye yake zama ƙarya. Abubuwa kaɗan sun isa ma'auni. Babu ko ɗaya daga cikin mutum bakwai na iyalin da ya tsira, gwaje-gwajen da aka yi a Rasha da Birtaniya da Amurka sun tabbatar. Mikhail ma an kashe shi a Perm a Yunin 1918, wata guda kafin yayansa. Duk labarin da ya nuna Nikolas da rai bayan 17 ga Yuli 1918 ya riga ya bi ta mararraba.

Gidan Ipatiev kansa babu shi. An rushe shi a 1977 bisa umarnin Mosko, lokacin Boris Yeltsin ne shugaban jam'iyya a yankin, kuma shi ɗin ne, yana shugaban ƙasa, ya tsaya a jana'izar ƙasusuwan a Sant Fitasbag ranar 17 ga Yuli 1998. Shugaban Cocin bai halarta ba, domin Coci ba ta gamsu cewa ƙasusuwan na iyalin ba ne. A 2015 aka sake buɗe bincike bisa buƙatarta, aka sake tono sarkin da matarsa, a 2018 masu bincike suka maimaita sakamakon farko. Shekara ɗari ta cika ba a binne Aleksei da 'yar'uwarsa kusa da iyayensu ba.

A daren cikar shekara ɗarin, dubun-dubatar masu ibada suka tashi daga cocin da aka gina a filin gidan Ipatiev, suka yi tattakin kimanin kilomita 20 a ƙafa har gari ya waye, kamar yadda ake yi kowace shekara. Tattakin yana ƙarewa ne a Ganina Yama, inda Sokolov ya ce an ƙone gawarwakin, inda yanzu akwai gidan ibada mai coci bakwai na katako. Wurin da aka tono ƙasusuwan yana 'yan kilomitoci daga nan, a gefen wata tsohuwar hanya, an shimfiɗa masa katakan layin dogo.